Me ya sa kusan kowane makiro na Rust ke jan proc-macro2 a bayansa?

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ta nan Damagaram ne ya aiko da tambayar: "Malam, ina rubuta wa kawuna ɗan shiri da harshen Rust don lissafin buhunan gero da wake a shagonsa na Kasuwar Dole. Na gaji da maimaita kod ɗin buga rasit ga kowane irin kaya, sai na rubuta makiro na `derive`. Makiron yana aiki, amma da na buga `cargo test` sai abin ya tarwatse da saƙon `procedural macro API is used outside of a procedural macro`. An ce in sa proc-macro2. Shi kuma mene ne, alhali Rust na da `proc_macro` nasa? Ni ba na son ƙarin kaya, data tsada gare ta, kwamfutata kuma ta kwana biyu."

Ƙanena, proc-macro2 ƙaramin laburare ne, wato kod ɗin da wasu suka rubuta don ka ɗora a aikinka. Sa shi kawai, ba shi zai cinye maka data ba. Sai dai in ka sa shi ba ka san inda ake kafa shi ba, saƙon nan zai dawo maka gobe kamar yadda ya zo yau. Na sha ganin wanda ya rubuta sunan a `Cargo.toml`, fayil ɗin da ake jera laburaren aiki, ya koma ya ci gaba da kiran tsohon a cikin kod ɗinsa, sannan ya zo yana cewa abin ba ya aiki.

Mu fara da abin da ke faruwa in ka buga `cargo build`. Kwamfaila, wato `rustc`, tana ɗaukar rubutunka ta daddatsa shi guntu-guntu. Guntayen iri huɗu ne kacal: suna, shi ne `Ident`, alama irin su waƙafi da alamar tarawa, `Punct`, adadi ko zance da aka rubuta kai tsaye, `Literal`, sai ƙunshi, `Group`, wato duk abin da ke tsakanin baka biyu. In ta iso kan `#[derive(Rasit)]` sai ta dakata, ta ɗauko makironka, wato kod ɗin da ke rubuta maka wani kod, da aka riga aka gina, ta miƙa masa guntayen `struct` ɗin, ta jira. Shi kuma ya mayar mata da sababbin guntaye, ta liƙa su cikin shirin, ta ci gaba da gini. Duk wannan kafin shirin ya taɓa tashi ko sau ɗaya. Kawunka ba zai taɓa haɗuwa da makiron ba, abin da makiron ya haifa kawai zai gani a kan rasit.

To ga inda gizo ke saƙar. `TokenStream` ɗin da `proc_macro` ke ba ka ba shi ne kayan ba, lambar ajiya ce. Ka san yadda ake yi a tasha in ka kai buhu za a tura Maraɗi ko Agadas: a rubuta lamba a jikin buhun, a yago maka ƴar takarda. Takardar na da daraja muddin buhun na hannun mutanen tashar nan. Ka kai ta wani wuri dabam ka miƙa, takarda ce kawai. Haka `TokenStream` da `Span` suke. Ainihin guntayen na cikin rumbun kwamfaila, duk abin da ka nema sai an bi ta wata gada an tambayo ta. Gadar kuwa ba a shimfiɗa ta sai a daidai lokacin da kwamfaila ta kira makironka. Gwajin da `cargo test` ke tayarwa shiri ne irin kowane shiri, an gama gina shi, kwamfaila ta tafi abinta. Ka kira `proc_macro` a wurin, babu wanda zai amsa, sai ya fashe da saƙon da ka gani. Kod ɗinka lafiyarsa ƙalau, ka dai kai takarda inda babu buhu.

Abin da proc-macro2 ya yi shi ne ya kawo abubuwa masu suna iri ɗaya, `TokenStream`, `Ident`, `Span` da sauransu, amma kowanne ciki biyu gare shi. Karon farko da ka taɓa shi sai ya duba ko gadar na nan. In tana nan, ya zama ɗan aike, duk abin da ka ce ya kai wa kwamfaila ya kawo amsa. In babu, ya buɗe nasa rumbun: yana da na'urar datsa rubutu tasa, shi da kansa zai karanta kod ɗin ya riƙe guntayen. Kai da ke rubuta makiro ba ruwanka da wanne ne ke aiki. Abin dariya, a da hanyar da yake bi ya gane ita ce ya kira `proc_macro` da gangan, ya toshe bakin saƙon fashewar, ya ga ko ya fashe. Sai a bugun Rust na 1.57, a Disambar 2021, aka ba shi `proc_macro::is_available()` ya riƙa tambaya cikin mutunci.

Amma ba don gwaji aka fara yin sa ba, kuma tarihin zai nuna maka dalilin da ya sa ya zama gishiri a kowace miya. Rust 1.0 ya fito a Mayun 2015, kuma duk mako shida ake fitar da sabon bugu. Makiron `derive` na kanka bai samu shiga tsayayyen bugu ba sai 1.15, a Fabrairun 2017, kuma a lokacin kusan abin da za ka iya yi da `TokenStream` biyu ne: ka mayar da shi rubutu, ko ka mayar da rubutu shi. Guntayen nan huɗu suna bugun dare kawai, wanda ake kira `nightly`, mai canzawa kullum. Alex Crichton ya fara proc-macro2 a 2017 don mutane su rubuta makiro da sabon salon tun bai tsaya ba: a tsayayyen bugu laburaren ya yi aikin da hannunsa ta hanyar rubutu, a bugun dare ya miƙa wa kwamfaila. Guntayen suka tsaya a 1.29, makiro mai kama da kiran aiki da mai liƙawa a kan abu suka tsaya a 1.30 a Oktoban 2018, sannan sai a 1.45, a Yulin 2020, aka yarda a kira irin na farkon a tsakiyar lissafi. Duk tsawon wannan tafiya, wanda ya dogara da proc-macro2 bai riƙa rushe gininsa duk bayan ƴan watanni ba. David Tolnay ne ke riƙe da shi yanzu, shi ne kuma mai `syn`, laburaren da ke karanta guntaye, da `quote`, wanda ke ƙera su, kuma su biyun da guntayen proc-macro2 suke magana. Saboda haka in kana amfani da `quote!`, to laburaren da kake gudu yana cikin kwamfutarka tun tuni. Buga `cargo tree` ka gani.

Ba Rust kaɗai ke da wannan ciwon ba. Masu Scala sun yi macro-compat na Miles Sabin don makiro ɗaya ya ginu a 2.10 da 2.11, masu Haskell na da th-compat don Template Haskell da ke sauya fuska daga bugun kwamfailarsu GHC zuwa wani. Duk harshen da ya bar mutane su sa hannu cikin aikin kwamfailarsa sai ya buƙaci dillali irin wannan.

Yanzu yadda za ka kafa shi. Ƙa'idar da nake bi ɗaya ce: `proc_macro` a bakin ƙofa kawai, daga zaure zuwa cikin gida duk proc-macro2. A ce kayan kawunka haka suke:

```rust
#[derive(Rasit)]
struct Buhu {
    iri: String,
    tiya: u32,
    #[rasit(dala)]
    farashi: u32,
}
```

Na sa `dala`, wato sefa biyar, da gangan, don a kasuwa ba wanda ke ciniki da sefa ɗaiɗai. Kwamfuta ta riƙe 1000, rasit ya nuna dala 200, kowa ya gane jaka ɗaya ce. Ƙofar gidan kuma ga ta, ba ta wuce haka ba:

```rust
#[proc_macro_derive(Rasit, attributes(rasit))]
pub fn rasit(shiga: proc_macro::TokenStream) -> proc_macro::TokenStream {
    ciki::gina(shiga.into())
        .unwrap_or_else(syn::Error::into_compile_error)
        .into()
}
```

Kalli `into` ɗin nan guda biyu. Na farko ya karɓi takardar kwamfaila ya mayar da ita ta proc-macro2, na biyu ya mayar da ita yadda kwamfaila ke so. Dole sa hannun wannan aikin ya zama na `proc_macro`, kwamfaila ba ta karɓar wani. Duk sauran aikin yana cikin `gina`, wanda ke karɓar `proc_macro2::TokenStream` ya mayar da `syn::Result`. Shi za ka gwada, ba ƙofar ba. A cikin gwajin ka ƙera `struct` da `quote!`, ka miƙa wa `gina`, ka duba abin da ya fito.

Ramin da mutane suka fi faɗawa yana nan. `parse_macro_input!` da `syn::parse` guntayen `proc_macro` suke ci. A cikin `gina` abin da kake so shi ne `syn::parse2`. Lamba ɗaya ce bambancin, amma wanda ya manta da ita zai sa `into` don ya rufe bakin kwamfaila, kod ɗin ya ginu lafiya, gwaji ya sake fashewa da saƙon jiya. In ka ga haka, nemi duk inda kalmar `proc_macro::` ta bayyana ban da ƙofa, ka kore ta.

Wajen kwatanta sakamako kuma, `TokenStream` ba ya yarda a auna shi da ɗan'uwansa kai tsaye. Mutane sukan mayar da shi rubutu da `to_string`. Yi hakan, amma kada ka rubuta amsar da kake tsammani da hannu, don yadda ake saka fili tsakanin guntaye ba alkawari ba ne, yana iya canzawa. Ƙera amsar da `quote!` ita ma, ka mayar da duka biyun rubutu, sannan ka auna. Tiya ɗaya za a auna gero biyun da ita.

Akwai abin da rumbun proc-macro2 ba zai iya nuna maka ba, kuma a ganina shi ne ya raba makiron kirki da na jeka-na-yi-ka. Kowane guntu yana ɗauke da `Span`, adireshinsa ke nan: daga wane fayil ya fito, wane layi. A ce wata rana ka yi kuskure ka ɗora `#[rasit(dala)]` a kan `iri`, wanda rubutu ne ba adadi ba. In makironka ya jefar da adireshi, kwamfaila za ta ja jan layi ƙarƙashin kalmar `Rasit` can sama, ta bar ka kana lalube. In ya riƙe, za ta nuna maka layin `iri` ɗin da yatsa. Yi amfani da `syn::Error::new_spanned`, ka ba shi filin da ya yi laifi. Dalilin da ya sa na ce shi musamman: haɗa adireshi biyu su zama ɗaya, wato `Span::join`, a cikin makiro bugun dare kawai yake aiki, a tsayayye `None` zai ba ka. Don haka in ka ɗauki adireshin abu mai guntaye da yawa ta hanyar da aka saba, na guntun farko kaɗai za ka samu. `new_spanned` yana zagaye wannan, ya ja layin daga farko har ƙarshe. Ka ga irin aikin laburaren daidaitawa: abin da ke akwai ya ba ka, abin da babu ya gaya maka babu ba tare da ya rushe maka gini ba. Gwada wannan ɓangaren sai da kwamfaila ta gaske, kuma `trybuild` aka yi don haka. Kana ajiye ɗan fayil da ka san ba zai ginu ba, a gefensa saƙon kuskuren da kake so a gani, shi kuma ya auna su.

Adireshin yana da aiki na biyu, shi ne yanke hukuncin suna na wa ne. In makironka ya ƙirƙiro `jimla` a cikin kod ɗin da ya haifa, mai amfani da shi ma yana da tasa `jimla`, `Span::call_site()` zai sa su zama abu ɗaya, su take juna. `Span::mixed_site()`, da ya tsaya a 1.45, yana raba su kamar yadda `macro_rules!` ke yi. A `derive` irin naka da wuya ka gamu da wannan, amma ka ajiye a aljihu.

Abu ɗaya kuma da zai cece ka yini guda: kada ka ɓoye guntaye a wani wuri don kira na gaba ya same su, kada kuma ka tura su wani zaren aiki, wato `thread`. An hana su tsallakawa da gangan, kuma lambar ajiyar tana mutuwa da zarar kiran ya ƙare.

Tun da nan Nijar muke, ga wani abu da ba za ka gani a misalan Turawa ba. Daga 1.53, a Yunin 2021, Rust ya yarda da sunaye masu haruffan da ba na Ingilishi ba, don haka `kuɗi` da `ƙwarya` sunaye ne halattattu, proc-macro2 ma ya san da haka ta hanyar `unicode-ident`, laburare ɗaya tilo da ya dogara da shi. `ƴan_kasuwa` da ƴ mai lanƙwasa, yadda muke rubutawa a nan, zai wuce. Amma in abokinka na Kano ya rubuto da waƙafin sama gaban y yadda suka saba, Rust ba zai ɗauke shi suna ba, a wurinsa alamar tsawon rayuwar aro ce. Kuma `Ident::new` ba ya mayar da kuskure cikin ladabi, fashewa yake yi. Saboda haka in makironka zai ƙera suna daga rubutun da mutum ya shigar, tace shi tukuna: fili, waƙafin sama, adadi a farko, duk suna kashe shi.

Sai maganar nauyi, wadda na san ita ta fi damunka. proc-macro2 ƙarami ne. Mai nauyin shi ne `syn`, musamman in ka kunna masa `full`, wanda ke koya masa karanta dukan nahawun Rust. Makiron `derive` da ke duba filaye kawai ba ya buƙatar wannan, abin da ya zo da shi a kunne ya isa. Duba kuma `cargo tree -d`. Tun da `syn` 2 ya fito a Maris na 2023, ana yawan samun aiki ɗaya na gina `syn` 1 da 2 a tare saboda wani tsohon laburare bai ƙaura ba, tsohuwar kwamfuta ta yi ta huci a banza, ga zafin bazara. Shi proc-macro2 tun Agustan 2019 yake kan 1.0, don haka duka biyun shi ɗaya suke rabawa. Kuma babu ko ɗaya cikinsu da ke shiga shirin da za ka kai wa kawunka, aikinsu na ƙarewa a kwamfutar da ta yi ginin.

Data kuwa sau ɗaya za ka kashe. Ranar da intanet ta yi kyau buga `cargo vendor`, wanda ke cikin cargo tun 1.37. Zai sauke duk laburaren cikin jaka ɗaya a gefen aikinka, ya nuna maka ƴan layukan da za ka zuba a `.cargo/config.toml`. Daga nan `cargo build --offline`, ko wuta ta ɗauke ko layi ya yanke, aikinka na tafiya muddin batir na da rai. Ajiye `Cargo.lock`, fayil ɗin da ke riƙe bugun kowane laburare, tare da kod ɗin, kada ka share shi.

Bari in ba ka labarin wautar da na yi, don kada ka ɗauka dillalin nan ba ya tuntuɓe. A tsakiyar 2023 ina gina wa wata ƙungiyar manoma shirin lissafin hatsi, kuma ina kan bugun dare ba don wani dalili ba sai son a ce ina gaba. Daren da zan kai musu aikin da safe, na ce bari in sabunta kayan aiki. Na buga `rustup update`, na buga gini, sai ga kuskure daga cikin proc-macro2 kansa: bai san wani abu mai suna `proc_macro_span_shrink` ba. Ban taɓa layi ɗaya na kod ɗina ba. Abin da ya faru shi ne tsofaffin bugun laburaren, in suka ga kana bugun dare, sukan kunna wasu abubuwan da ba su tsaya ba, masu Rust kuma suka cire wannan sunan. An riga an gyara a sabon bugu, `Cargo.lock` ɗina ne ya riƙe tsoho. Maganin layi ɗaya ne, `cargo update -p proc-macro2`, amma datata ta ƙare wajen sauke kwamfailar, sai da na taka har fada wajen sha ɗayan dare na aro wayar wani yaro, ana ta yi mini dariya ana miƙo mini shayi. Laifin nawa ne. Tun ranar na koma tsayayyen bugu, na kuma sa fayil ɗin `rust-toolchain.toml` a kowane aiki don bugun kwamfaila ya tsaya inda na ajiye shi.

Akasin haka ma na faruwa, kuma shi ya fi kusa da kai: tsohuwar kwamfaila da sabon laburare. Kowane bugun proc-macro2 na da mafi ƙarancin bugun Rust da yake karɓa. In naka bai kai ba kuma ba ka da halin sauke sabo, `cargo update -p proc-macro2 --precise` tare da lambar wani tsohon bugu zai mayar da kai baya. Rubuta `rust-version` a `Cargo.toml` ɗinka. Daga 1.84, a Janairun 2025, ana iya sa cargo ya riƙa duba wannan layin ya zaɓo maka bugun da ya dace da kwamfailarka da kansa.

Ka kuma sani makiro shiri ne da ke gudu a kwamfutarka da duk ikon da kake da shi, lokacin gini, har ma lokacin da rust-analyzer, mai taya ka duba kod, ya buɗe aikin a edita. Kada ka gina kod ɗin da ba ka san asalinsa ba a kwamfutar da lissafin kuɗin kawunka ke ciki.

Tambayar da ba ka yi ba, ni zan yi maka: kayan shagon iri nawa ne? In gero ne da dawa da wake da gyaɗa, kuma duk filayensu ɗaya, `struct` ɗaya mai filin `iri` ya wadatar, ba makiro ba laburare. In sun ɗan bambanta, `macro_rules!` na iya ɗaukar nauyin, ba ya buƙatar akwati na dabam, wato `crate`, ko sauke komai. Makiron `derive` yana tilasta maka akwati na biyu mai `proc-macro = true`, wanda ba ya iya fitar da komai sai makiro, shi ya sa kake ganin `serde` da `serde_derive` a rabe. Wahalar ta cancanta ne in kana so ka leƙa cikin filaye ɗaya bayan ɗaya, kamar `dala` ɗin nan tamu. Tun da ka riga ka rubuta kuma yana aiki, ni ba zan ce ka rushe ba. Raba ƙofa da cikin gida, sauya zuwa `parse2`, rubuta gwaji biyu, ɗaya na `Buhu` lafiyayye ɗaya na `dala` a kan rubutu. In data ta gagara kafin ka yi `cargo vendor`, zo da filashi fada bayan la'asar, jakar na cikin kwamfutata.